RUFIN ASIRI A ASIBITI: INA IYAKARSA?



Akwai ɗabi'u biyu da iyayenmu na zongo suka rene mu a kansu, kuma duk wanda ya rasa su ba a ɗaukarsa cikakken mutum. Ta farko haƙuri idan musiba ta sauka, ta biyu rufin asirin ɗan'uwa idan ya yi tuntuɓe. Saboda haka idan aka fito da gawa daga asibiti, abin da kake ji a bakin kowa shi ne kwana ya ƙare. Wanda ya buɗe baki ya tambayi wane magani aka ba mamacin, ko awa nawa ya yi a kan benci kafin likita ya gan shi, sai dattawa su harare shi, wani ya ce ba shi da tawakkali, wani ya ce so yake ya tona asirin bayin Allah masu neman abincinsu. To, tambayar da muke so mu tsaya a kanta a wannan fitowa ita ce: idan kuskure ya auku a wurin jinya, yin shiru a kansa yana cikin rufin asirin da ake yabo, ko kuwa cin amanar majinyacin da zai hau wannan gadon gobe ne?

DAGA KASUWAR SHAHE ZUWA ASIBITI

Yayyenmu da iyayenmu mata masu fataucin tufafi zuwa ƙasar Sin sun san Shahe. Unguwa ce a gundumar Tianhe ta birnin Guangzhou, ta yi suna da taliyar shinkafa mai faɗi wadda ake kira da sunanta, ta kuma yi suna da babbar kasuwar sarin tufafi masu sauƙin kuɗi, inda ake fara ciniki tun da sassafe. Ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya barin a ɗaure masa dila sai ya zaro riga ya duba ɗinki, ya ja zif, ya gwada da samfurin da aka nuna masa. Idan kaya suka iso Tema ko Lome ya tarar an yi masa algus, zai gaya wa 'yan'uwansa fatake su guji wannan shago, kuma babu mai cewa ya yi gulma. Ashe a kan riga da wando mun yarda cewa faɗin aibin kaya nasiha ce. Me ya sa idan aka zo ga ran mutum sai harshenmu ya yi nauyi?

Wannan birni na Guangzhou shi ya ba duniya amsa mai tsada. A watan Nuwamba na 2002 wata baƙuwar cutar huhu ta ɓulla a Foshan, maƙwabciyar Guangzhou. A watan Janairu na 2003 ƙwararrun likitoci suka bincika, suka rubuta rahoto mai gargaɗi cewa cutar tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma aka riƙe rahoton a matsayin sirri, bai isa kunnen jama'a ba. A ƙarshen watan aka kwantar da wani mai fataucin kifi a asibiti na biyu na Jami'ar Sun Yat-sen, daga nan aka mayar da shi asibiti na uku na jami'ar, wanda yake cikin gundumar Tianhe ɗin nan da Shahe take. A asibitocin biyu ya harbi gomman likitoci da nas-nas. Direban motar asibitin da ya ɗauke shi ya rasu, haka Dokta Deng Lianxian na sashen cututtuka masu yaɗuwa a asibiti na uku, wanda ya cika a watan Afrilu na wannan shekara.

Da yake hukuma ta yi shiru, sai jita-jita ta karɓi aikinta. Saƙonnin waya suka cika gari, mutane suka yi rububin sayen ruwan tsami na binega suna tafasawa a ɗaka wai yana kashe cutar. Sai ranar 11 ga Fabrairu, 2003 hukumomi suka fito suka ce mutum 305 sun kamu, 5 sun mutu, kuma wai an shawo kan lamarin. Bayan mako guda, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa da ke Beijing ta sanar cewa wata ƙwaya mai suna kilamidiya ce sanadi. Farfesa Zhong Nanshan, shugaban cibiyar cututtukan numfashi ta Guangzhou, shi da abokan aikinsa suka ƙi amincewa, kuma hujjarsu daga gadon majinyata ta fito: magungunan da aka sani suna kashe wannan ƙwaya an ba marasa lafiya, ba su yi musu komai ba. Ya kuma nemi a riƙa turo masa waɗanda jikinsu ya fi tsanani. A watan Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa sabuwar ƙwayar korona ce, wato gaskiya tana tare da likitocin Guangzhou.

Amma kafin nan ɓarna ta riga ta ƙetare iyaka. Ranar 21 ga Fabrairu wani likita daga asibiti na biyun nan ya sauka a otal ɗin Metropole a Hong Kong domin bikin aure, yana ɗauke da cutar, kuma baƙin da suka kwana a hawa ɗaya da shi suka kai ta Biyetnam da Singafo da Kanada. A Beijing ma ɓoyo aka yi ta yi, har sai da wani tsohon likitan soja, Jiang Yanyong, ya fallasa cewa adadin da ake faɗa ƙarya ne. Ranar 20 ga Afrilu aka sauke ministan lafiya Zhang Wenkang da magajin garin Beijing. Zuwa lokacin da cutar SARS ta lafa a watan Yuli na 2003, ta kama mutum 8,096 ta kashe 774, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne.

Ka lura da wannan, ya ɗan'uwa mai karatu. Waɗanda suka rufe maganar suna ganin mutuncin gari da kasuwancinsa suke karewa. Amma mutanen farko da shirun ya ci su ne ma'aikatan asibiti, waɗanda suka tunkari majinyaci ba tare da an sanar da su abin da suke tunkara ba.

MENE NE TSARIN RIƘON AMANAR JINYA?

Masana harkar lafiya suna da tsari na musamman domin irin wannan, wanda za mu iya kira tsarin riƙon amanar jinya. Ma'anarsa a taƙaice: kamar yadda ake tuhumar shugaban asibiti a kan kowane kobo da ya shiga asusu, haka za a tuhume shi a kan ingancin jinyar da ake yi a ƙarƙashinsa. A Birtaniya aka raɗa masa suna a 1997, lokacin da abin kunyar asibitin Bristol yake fitowa fili. A can wani likitan sa barci, Stephen Bolsin, ya riƙa ƙirga jariran da ke mutuwa bayan fiɗar zuciya, ya ga adadin ya wuce na sauran asibitoci, ya kai ƙara ga manya, aka mayar da shi saniyar ware har ya bar ƙasar ya koma Ostareliya. Rahoton binciken da ya fito a 2001 ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun mutu fiye da yadda da za a samu a wani asibiti irinsa.

Aikin wannan tsari a kullum ba wani abin mamaki ba ne. A rubuta abin da aka yi wa kowane majinyaci. A riƙa zama lokaci-lokaci ana gwada abin da aka yi da abin da ya kamata a yi. A buɗe littafin da ma'aikaci zai rubuta kuskure, har da wanda aka auna arziki bai cutar da kowa ba. A saurari koken majinyata, a ci gaba da horar da ma'aikata. Idan an gano inda matsala take, a canza abu guda, a sake ƙirgawa a ga ko canjin ya yi amfani.

Ƙasar Sin ta bi wannan hanya bayan dukan da ta sha. A 2004 ta kafa hanyar da asibitoci ke kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa kai tsaye ta kwamfuta. A 2016 ta fitar da dokar kula da ingancin jinya, a 2018 kuma ta fayyace ƙa'idoji 18 da suka wajaba a kan asibitoci. Daga cikinsu akwai cewa likitan da ya fara karɓar majinyaci shi ke da alhakinsa har sai ya miƙa shi hannun wani, da cewa duk wanda ya mutu a asibiti sai likitocin sashen sun zauna, galibi cikin mako guda, sun tattauna yadda aka yi jinyarsa. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008 ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin fiɗa: wannan ne majinyacin, wannan ce gaɓar da za a yanka, an ƙirga auduga da almakashi kafin a ɗinke? Da aka gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, masu mutuwa bayan fiɗa sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Takarda guda ce, amma tushenta shi ne amincewa da cewa gwani ma yana mantuwa.

SHIN BINCIKE JAYAYYA CE DA ƘADDARA?

Mai karatu zai iya cewa: duk wannan ƙirge-ƙirge ba zai ƙara wa kowa daƙiƙa guda a kan ajalinsa ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai musa. Amma imani da ajali bai taɓa ɗauke wa kowa alhakin aikinsa ba. Wanda aka kashe bisa kuskure ma ajalinsa ne ya zo, duk da haka shari'a ta ɗora diyya da kaffara. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham ya ji labarin annoba a can, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma zaɓin nasa ne.

Magabata sun fahimci haka a harkar magani. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, in ya yi ɓarna lamuni ya hau kansa. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren mai magani. Bai ce kwana ya ƙare ya tashi ba. Ya hana kowa yin magani sai wanda babban likita Sinan bin Sabit ya jarraba, kuma waɗanda aka jarraba sun haura 860. Haka Ibnul Ukhuwwa na Masar, wanda ya rasu a 1329, ya bayyana a littafinsa na hisba cewa likita ya rubuta maganin da ya bayar, ya bar wa dangin majinyaci kwafi. Idan majinyaci ya mutu, dangi su kai takardun wurin shugaban likitocin gari. In ya ga an bi ƙa'ida sai ya ce ajali ne, in ya ga sakaci sai ya ɗora wa likitan diyya. Ka ga a wurinsu kalmar ajali tana zuwa ne bayan bincike. Mu kuwa mun mayar da ita murfin da ke hana binciken.

TO, INA RUFIN ASIRI?

Rufin asiri yana nan da darajarsa, amma sai mun san asirin wa ake rufewa, kuma wa zai biya kuɗin rufin. A asibiti asiri na farko na majinyaci ne. Nas ɗin da ta dawo unguwa tana ba da labarin cutar 'yar maƙwabta a gidan suna ta ci amana, ko da abin da ta faɗa gaskiya ne. Asiri na biyu na ma'aikaci ne a kan abin da ya shafi rayuwarsa shi kaɗai, wannan ma ba ruwan kowa da shi. Amma kuskuren da zai iya maimaituwa a kan wani, wannan ba mallakar ma'aikaci ba ne balle a rufa masa. Idan kwalaben allura biyu masu kama da juna suna ajiye wuri guda, yau aka ɗauki wannan a madadin waccan, aka yi shiru, to kwalaben suna nan inda suke suna jiran wani hannun. Wanda zai biya kuɗin wannan shiru bai ma san an yi ciniki da ransa ba, kuma kyauta da abin da ba naka ba ba kyauta ba ce.

Malamai sun daɗe da warware wannan. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, kuma gargaɗin jama'a daga cutarwa yana cikinsu, haka kai ƙara wurin mai ikon gyara. Malaman hadisi ma sun bayyana raunin masu ruwaya, har da salihai masu yawan mantuwa, domin abin da ake karewa ya fi mutuncin mutum guda girma.

Dubi kuma abin da ɓoyo ke haifarwa daga baya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma labarin Trovan yana cikin abin da ke bakin mutane. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yarda idan ta zube, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ke kwasar wahalar.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Sai dai adalci ya sa mu juyo kanmu. Me ke sa ma'aikacin asibiti ɓoye kuskure? Tsoro. Yana tsoron manyansa, yana kuma tsoronmu. A ƙasar Sin dukan likitoci da tayar da tarzoma a asibiti ya yi yawa har aka shigar da shi cikin dokar manyan laifuka a 2015. A watan Mayu na 2016, a Guangzhou ɗin nan, wani tsohon majinyaci ya bi likitan haƙori Chen Zhongwei har gida ya sassare shi, ya mutu. Ta ɓangaren hukuma kuwa, duk da kwamfutoci da ƙa'idoji, a farkon Janairu na 2020 'yan sanda a Wuhan sun ja kunnen Dokta Li Wenliang saboda ya gargaɗi abokan aikinsa game da sabuwar cuta, wadda ita ce ta kashe shi a watan Fabrairu. Ashe littafin rubuta kuskure ba ya amfani idan mai riƙe da alƙalami ya san za a sare masa hannu.

Saboda haka wajibi ne mu rarrabe abu uku. Akwai kuskuren ƙwararren da ya bi ƙa'ida amma gajiya ko rashin kayan aiki suka kayar da shi, kamar nas guda mai kula da ɗaki cike da majinyata dare guda. Wannan gyaran tsari yake bukata, shi kuma a rufa masa asiri daga tozarci, amma a rubuta abin da ya faru kuma a gaya wa dangi gaskiya. Akwai sakaci, kamar barin wurin aiki ko ƙin duba majinyaci, wannan horo ya kamace shi. Akwai kuma ganganci da ha'inci, kamar mai yin allura ba da sani ba ko mai canza abin da aka rubuta a fayil, wannan sai hukunci. Iyakar rufin asiri ke nan: ana iya suturta mutum, amma ba a suturta ramin da ya faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

ABIN DA YA HAU KANMU

A nan Gana ba mu rasa madafa ba. Hukumar lafiya ta ƙasa tana da takardar haƙƙin majinyaci, wadda ta ba ka damar sanin cutarka da maganin da ake ba ka, da sanin wanda ke jinyarka, da neman ra'ayin wani likita. Akwai majalisar likitoci da ta nas-nas da ungozomomi masu karɓar ƙara, akwai kuma hukumar HeFRA da dokar 2011 ta kafa domin ba asibitoci da kilinik lasisi. Iyayenmu da yawa ba su iya Turancin da aka rubuta waɗannan abubuwa da shi ba. Mu da muka yi makaranta, aikinmu ne.

Idan ka raka tsohuwa Korle Bu ko Komfo Anokye ko asibitin Mamobi, ka riƙe ɗan littafi. Rubuta lokacin da kuka isa, da sunan magani, da abin da likita ya ce. Ka gaya musu gaskiyar jiƙo ko ƙwayar da aka sha a gida, domin mu ma ɓoyonmu yana kisa. Ka yi tambaya da ladabi. In ka ga ba daidai ba, ka rubuta koke ga shugabannin asibiti, ban da zagi, ban da tara gayya, ban da ɗora hoton ma'aikaci a Facebook kafin a bincika. In an kyautata muku, wannan ma ka rubuta. Kuma ma'aunin nan ya hau kan mai kemis na lungu da mai maganin gargajiya da wanzami, ko da ɗan'uwanka ne a masallaci.

Ku kuma ƙannenmu da ke karatun likita da nas da haɗa magunguna, ranar da hannunku zai kuskure tana nan tafe, domin ba a yi gwanin da bai taɓa kuskure ba. A ranar, fayil yana gabanku, babu mai gani sai Allah. Ku rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da lokacinsa, ku kai wa na gaba da ku tun kafin a tambaya. Zai yi ɗaci, amma wani bawan Allah da ba za ku taɓa sani ba zai koma gida wurin 'ya'yansa saboda wannan layi guda da kuka rubuta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙarfafi masu jinya a kan amanar da ke wuyansu.